Gwarzon sama

Gwarzon sama shi ne matuƙin jirgin yaƙi da aka tabbatar ya harbo jiragen abokan gaba biyar ko fiye da haka a arangamar da aka yi a sararin samaniya. Faransawa suna ce masa as, Turawan Ingila da Amurka kuma ace. Wannan suna ba muƙamin soja ba ne, kuma babu anini da ake ɗaura wa mutum a kafaɗa dominsa. Jaridu ne suka fara raɗa shi a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya rundunonin soja suka karɓa saboda yana ƙarfafa gwiwar mayaƙa da mutanen gida. Kusan kowane sanannen gwarzo yana da laƙabi, wani abokan aikinsa ne suka sa masa, wani 'yan jarida, wani kuma abokan gaba. Ban da laƙabi akwai inkiyar rediyo, wato gajeren sunan da ake kiran matuƙi ko jirginsa da shi idan yana sama.

Tarihin jiragen sama a Najeriya ya haɗu da na gwarzayen sama a wurare da dama. Wanda ya jagoranci jiragen farko da suka sauka a Kano a 1925 gwarzo ne na Birtaniya, shugaba na biyu na Rundunar Sojin Saman Najeriya gwarzo ne na Jamus, sannan wani gwarzo ɗan Poland ya tuƙa wa Biyafara jirgi a yaƙin basasa. Su kuwa matuƙan Najeriya, yaƙe-yaƙen da suka shiga na kai hari ƙasa ne, don haka ba a auna bajintarsu da yawan jiragen da suka harbo.

Asalin kalmar

Kalmar as sunan katin da ya fi kowane daraja ne a wasan karta na Turawa. Tun kafin yaƙi jaridun Faransa suna kiran zakarun wasanni da ita, musamman masu tseren keke. A 1915 suka ɗora ta a kan Adolphe Pégoud, matuƙin da ya riga ya yi suna wajen juya jirgi kai ƙasa a gaban 'yan kallo. An lissafa masa nasara shida kafin a harbo shi ranar 31 ga Agusta 1915.

A farkon yaƙin aikin jirgi leƙen asiri ne kawai. Matuƙa kan ɗauki ƙaramar bindiga ko doguwa su harbi juna idan sun gamu. Matsalar ɗora mashinga a gaban jirgi ita ce harsashi zai farfasa farfela. A 1915 kamfanin Fokker ya samar wa Jamus wata na'ura da ke tsayar da harbi a daidai lokacin da reshen farfela yake giftawa ta bakin bindiga. Daga nan matuƙi ɗaya ya iya saita jirginsa gaba ɗaya a kan abokin gaba ya buɗe wuta, kuma daga nan ne ƙidayar nasarori ta fara hauhawa.

Jamusawa sun fi amfani da kalmar Kanone a yaƙin farko, a na biyu kuma Experte, wato ƙwararre. A watan Janairun 1916 aka ba Max Immelmann da Oswald Boelcke lambar Pour le Mérite, babbar lambar jarumta ta Prussia, bayan kowannensu ya harbo jirgi takwas. Bayan shekara ɗaya, sai da Manfred von Richthofen ya kai 16 kafin ya samu irin wannan lambar.

Yadda ake tabbatar da nasara

Kowace ƙasa tana da ƙa'idarta. A yawancin rundunoni ana neman ɗaya daga cikin abu uku: shaidar wani matuƙi da ya ga faɗuwar jirgin, tarkacen jirgin a ƙasa, ko hoton kyamarar da aka haɗa da bindiga, wadda ke ɗauka duk lokacin da aka danna kunama. Amurka takan raba nasara ɗaya tsakanin matuƙa biyu, shi ya sa ake ganin lissafi mai rabi a jerin sunayensu. Jamus kuwa mutum ɗaya take bai wa kowace nasara.

Duk da waɗannan ƙa'idoji, da'awa takan zarce gaskiya. Jirage suna gudun ɗaruruwan kilomita a awa, matuƙa biyu kan harbi jirgi ɗaya kowa ya ɗauka nasa ne, kuma jirgin da ya yi hayaƙi ya nufi ƙasa yakan iya farfaɗowa ya koma gida. Ranar 15 ga Satumba 1940, a tsakiyar yaƙin sama na Birtaniya, an sanar da cewa an harbo jiragen Jamus 185. Da aka buɗe takardun Jamus bayan yaƙi, sai aka ga abin da ta rasa a ranar bai wuce kimanin 60 ba.

Wannan matsala ta mai da'awa da mai hujja tana cikin labarin Bayajida na Daura. Da aka wayi gari aka ga macijiyar rijiyar Kusugu a mace, mutane da dama sun ce aikinsu ne, sai Sarauniya Daurama ta nemi a kawo kan macijiyar. Baƙon da ya fito da kan shi ne ya samu laƙabin Makas-Sarki.

Yawan nasarori kuma ya dogara da tsarin aiki, ba ƙwarewa kaɗai ba. Jamus takan bar matuƙinta a fagen fama har ya mutu, ko a raunata shi, ko yaƙi ya ƙare. Erich Hartmann, wanda ya fi kowa a tarihi da nasara 352, ya tashi aiki fiye da sau 1,400, kusan duka a fagen Rasha. Amurka da Birtaniya kuwa sukan janye gwanayensu bayan wani wa'adi su koyar da sababbi. Richard Bong, wanda ya fi kowane Ba'amurke, yana da 40. A ɓangaren ƙasashen ƙawance, Ivan Kozhedub na Tarayyar Sobiyet ne kan gaba da fiye da 60. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Richthofen yana da 80, René Fonck na Faransa 75, Eddie Rickenbacker na Amurka kuma 26.

Laƙabi

Ana iya kasa laƙabobin matuƙa gida uku bisa ga wanda ya raɗa su.

Na farko su ne waɗanda jaridu da masu farfaganda suka raɗa domin kambama mutum. Immelmann ya zama Mikiyar Lille, da sunan birnin Faransa da yake shawagi a kansa. Hans-Joachim Marseille ya zama Tauraron Afirka saboda 151 daga cikin nasarorinsa 158 a hamadar Libiya da Masar ya same su. Ya rasu ranar 30 ga Satumba 1942 yana da shekara 22, lokacin da injin jirginsa ya lalace ya yi ƙoƙarin dira da lema. Lydia Litvyak ta Tarayyar Sobiyet, ɗaya daga cikin mata biyu da aka fi sani a jerin gwarzaye, an yi mata laƙabi da farin furen Stalingrad. George Beurling na Kanada ya zama Shahon Malta.

Na biyu su ne na abokan gaba. Richthofen ya shafa wa jirginsa jan fenti, abin da ya jawo masa sunan Red Baron, wato Jan Basarake, kuma Turawan Ingila suna kiran rundunarsa da sunan 'yan wasan sakos masu tashi saboda launukan jiragenta da yawan ƙaurarta daga wannan fage zuwa wancan. An harbe shi ranar 21 ga Afrilu 1918. Sojojin Sobiyet sun kira Hartmann Baƙin Shaiɗan saboda baƙin zanen da ke hancin jirginsa. Jamusawa kuma sun kira matan runduna ta 588 ta Sobiyet, masu jefa bama-bamai cikin dare, Mayun Dare.

Na uku su ne na abokan aiki, kuma waɗannan ba kasafai suke ɗauke da yabo ba. Shi dai Hartmann ɗin da maƙiya ke tsoro, abokansa Bubi suke ce masa, wato ɗan yaro, saboda ƙuruciyar fuskarsa. Adolph Malan na Afirka ta Kudu ya zama Sailor domin ya yi aikin jirgin ruwa kafin ya shiga sojin sama, kuma da wannan sunan aka san shi har lokacin da ya jagoranci tsofaffin sojoji wajen adawa da dokokin wariyar launin fata a farkon shekarun 1950. Gregory Boyington na Amurka ya zama Pappy, wato baba, don ya girmi yaran da ke ƙarƙashinsa da kusan shekara goma.

A al'adar Hausa mayaƙi da ɗan dambe da mafarauci duk suna da kirari da sunan fage. Sunayen Ɗanwaire na Ruma da Ƙaura Hasau na Maraɗi sun wanzu a bakin mutane ta hanyar kirari da labaran yaƙi, kamar yadda waƙar Ɗan'anace ta raya sunan Shago a dambe. Bambancin shi ne kirari yabo ne da ake yi a bainar jama'a, mutum ma yakan yi wa kansa. Laƙabin da matuƙa ke sa wa junansu ya fi kama da sunan tsokana na tsakanin abokan wasa, wanda idan mutum ya nuna ba ya so sai ya ƙara bin sa.

Inkiyar rediyo

Inkiyar rediyo ta samo asali ne daga buƙatar aiki. Tun da aka sa rediyo a jiragen yaƙi a shekarun 1930, an ga cewa cikakken suna da muƙami suna cin lokaci, kuma abokan gaba suna sauraro. Saboda haka ake zaɓar kalma gajeruwa, mai sauƙin ji cikin ƙarar inji, wadda ba ta yi kama da wata kalmar umarni ba.

Inkiya iri biyu ce. Akwai ta aiki, wadda ake bai wa rukunin jirage tare da lamba: jagora shi ne na ɗaya, mai tsaron bayansa na biyu, haka har ƙarshe. Ana iya canza ta daga wannan aiki zuwa wancan. Hartmann yana amsa Karaya Ɗaya ne saboda Karaya ita ce inkiyar rukuninsa, kuma kalmar ba ta da dangantaka da karaya ta Hausa. Akwai kuma inkiyar mutum, wadda ke bin sa duk inda ya je. Douglas Bader na Birtaniya, wanda ya rasa ƙafafunsa biyu a haɗarin jirgi a 1931 amma ya koma tuƙi ya harbo jirage fiye da 20, yana amsa Dogsbody, daga haruffan farko na sunansa. Alexander Pokryshkin na Sobiyet yana amsa Sotka, wato ɗari, lambar da ke jikin jirginsa.

A sojin Amurka da ƙasashen da suka koyi tsarinta, matuƙi ba ya zaɓar wa kansa inkiya. Abokan rukuninsa ne ke zama su raɗa masa, yawanci daga wani kuskure da ya yi, ko kamanninsa, ko wasa da sunansa. Fim ɗin Top Gun na 1986 ne ya yaɗa wannan al'ada a duniya da sunaye irin su Maverick da Goose da Iceman. Andrii Pilshchykov na Yukiren ya samu inkiyar Juice daga matuƙan Amurka da suka yi atisaye tare, saboda ba ya shan giya, lemo yake nema. Ya rasu a haɗarin jirgin horo ranar 25 ga Agusta 2023.

Inkiya tana kuma kare matuƙi da iyalinsa. Faransawan da suka gudu Ingila suka ci gaba da yaƙi bayan 1940 sukan ɗauki sunan aro don kada a taɓa danginsu a gida. Kama matuƙin Jodan Mu'az al-Kasasbeh da ƙungiyar IS ta yi a Siriya a watan Disamban 2014, da kisan gillar da ta yi masa, sun ƙara nuna dalilin da ya sa rundunoni ke ɓoye sunayen masu kai hari.

Ban da inkiya, matuƙa suna da gajerun kalmomin da aka amince da ma'anarsu. Mayday kiran neman agaji ne, kuma daga Faransanci aka aro shi. Bogey jirgi ne da ba a tantance ko na wane ne ba. Bandit kuwa jirgi ne da aka tabbatar na abokan gaba ne, ma'anar da ta sha bamban da yadda ake amfani da kalmar a Najeriya a yau, inda take nufin ɗan bindigar daji.

Baƙaƙen fata na farko

Ahmet Ali Çelikten na Daular Usmaniyya ta Turkiyya yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka tuƙa jirgin soja. An haife shi a Izmir a 1883, kuma kakarsa daga Borno aka kai ta can a matsayin baiwa. Ya yi aiki a sashen jiragen sama na sojin ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ana kiransa Arap Ahmet saboda launin fatarsa. Ya rasu a 1969.

Eugene Bullard Ba'amurke ne da ya tuƙa wa Faransa jirgin yaƙi a 1917, a lokacin da ƙasarsa ba ta yarda baƙar fata ya zama matuƙin soja ba. An yi masa laƙabi da baƙar tsattsewa. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta horar da matuƙa baƙaƙen fata a Tuskegee da ke Alabama, suka yi yaƙi a Arewacin Afirka da Italiya ƙarƙashin Benjamin O. Davis ƙarami. An san su da Masu Jan Wutsiya saboda fentin bayan jiragensu.

Gwarzayen ƙetare a tarihin Najeriya

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku ƙirar DH.9A na rukuni na 47 na sojin saman Birtaniya suka sauka a filin dawakai na Kano. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri. Jagoransu Arthur Coningham gwarzo ne na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da yake a Niyu Zilan ya girma, abokansa sun sa masa Maori, sunan 'yan asalin ƙasar. A bakin Turawan Ingila sunan ya rikiɗe ya koma Mary, sunan mata, kuma shi ya bi shi har ya zama babban kwamandan jiragen ƙawance a hamadar Arewacin Afirka. Ya ɓace a watan Janairun 1948 tare da jirgin fasinja Star Tiger a kusa da Bermuda.

Hanyar da Coningham ya bi ta yi amfani a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga watan Satumban 1940 ana kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy da Hartum zuwa Masar. Dubban jirage ne suka bi ta filin jirgin Kano a wannan lokaci. Kuɗin da aka tara a Najeriya domin sayen jirage kuma ya sa aka raɗa wa rukuni na 91 na sojin saman Birtaniya sunan Najeriya. Rukunin yana tuƙa Spitfire daga kudancin Ingila, kuma cikin waɗanda suka shugabance shi akwai gwarzon Faransa Jean Demozay, wanda ya yi yaƙi da sunan aro na Morlaix.

An kafa Rundunar Sojin Saman Najeriya da dokar majalisa a watan Afrilun 1964, da taimakon Jamus ta Yamma. Shugabanta na farko shi ne Kanar Gerhard Kahtz. Wanda ya gaje shi a ƙarshen 1965, Kanar Wolfgang Thimmig, matuƙin dare ne a Yaƙin Duniya na Biyu, mai nasara 24. Bai daɗe ba, domin ya bar ƙasar bayan juyin mulkin Janairun 1966, aka naɗa Laftanar Kanar George Kurubo ya zama ɗan Najeriya na farko a kujerar.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, gwamnatin tarayya ta samo jiragen MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet da L-29 daga Chekoslobakiya. A Kano aka sauke jiragen MiG na farko a watan Agusta, kuma matuƙan Masar ne suka fara tuƙa su kafin a ƙara da sojojin haya da 'yan Najeriya. A ɓangaren Biyafara akwai Jan Zumbach, gwarzon Poland da ya harbo jiragen Jamus fiye da goma, ya kuma taɓa shugabantar rukuni na 303 a Ingila. A can laƙabinsa Donald, har da zanen agwagwar Donald Duck a jikin Spitfire ɗinsa. A Enugu kuwa ya ɗauki sunan John Brown, ya tuƙa tsohon jirgin bama-bamai ƙirar B-26, ya kai hari filin jirgin Makurɗi a watan Yulin 1967.

A watan Mayun 1969 Carl Gustaf von Rosen na Suwidin ya kawo ƙananan jiragen horo biyar ƙirar MFI-9, aka ɗaura musu rokoki. Sun fara da filin jirgin Fatakwal ranar 22 ga Mayu, sannan Benin da Enugu, suna lalata jiragen tarayya a ƙasa. An san su da laƙabin Jariran Biyafara. Filin Uli, wanda titin mota ne aka mayar wurin saukar jiragen agaji da makamai cikin dare, yana da inkiyar Annabelle. Ranar 5 ga Yuni 1969 wani MiG-17 na tarayya ya harbo jirgin agaji na Red Cross ƙirar DC-7 a kusa da Eket, duk waɗanda ke ciki suka mutu. Lamarin ya jawo wa Najeriya suka daga ƙasashen waje, kuma ya kawo ƙarshen jigilar dare da kwamitin Red Cross na duniya yake yi zuwa Uli.

Matuƙan Najeriya

Bayan yaƙin basasa rundunar ta sayi MiG-21 a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet da Jaguar a shekarun 1980, sannan F-7 daga Sin. A 2021 ta karɓi JF-17 guda uku daga Pakistan da A-29 Super Tucano guda 12 daga Amurka. Ana horon farko na tuƙi a makaranta ta 401 da ke Kaduna, horon jiragen jet kuma a makaranta ta 403 da ke Kano. Hedkwatar jiragen yaƙi tana Makurɗi.

Jiragen Alpha Jet sun yi aiki da rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, sun je Yamai domin rikicin Mali a 2013, an kuma tura su lokacin rikicin siyasar Gambiya a watan Janairun 2017. A cikin gida suna yaƙi da Boko Haram da ISWAP a Arewa maso Gabas, da 'yan bindigar daji a Arewa maso Yamma. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abokan gaba da ke da jiragen yaƙi, saboda haka aikin matuƙin Najeriya shi ne leƙen asiri, kai hari kan sansani, da tallafa wa sojojin ƙasa. Haɗarin da yake fuskanta daga ƙasa yake tasowa, daga manyan bindigogin da ake ɗorawa a bayan motoci.

Sanarwar rundunar kan hare-hare takan ambaci sunan aikin da irin jirgin, ba ta faɗin wanda ya tuƙa. Sunan matuƙi yakan fito ne idan ya kafa tarihi, ko ya tsira daga haɗari, ko ya rasu. Blessing Liman daga Jihar Kaduna ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar soja a Najeriya. Ranar 15 ga Oktoba 2019 aka yaye Kafayat Sanni a matsayin mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, tare da Tolulope Arotile, mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Arotile ta rasu ranar 14 ga Yuli 2020 bayan mota ta buge ta a sansanin sojin sama na Kaduna, tana da shekara 24.

Ranar 12 ga Satumba 2014 wani Alpha Jet ya tashi daga Yola da matuƙa biyu bai dawo ba, haka kuma wani ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris 2021. Ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a Zamfara yana dawowa daga aiki. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya dira da lema, ya ɓuya har dare ya yi, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya, ya isa wani sansanin sojin ƙasa da ransa.

Katsina da Daura

Rundunar tana da sansani na 213 a Katsina, inda jiragenta ke amfani da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa. A ƙarshen watan Yulin 2018 aka tura jirage can domin aikin da aka yi wa suna Diran Mikiya a kan 'yan bindigar Zamfara. Daga wannan fili, ƙananan hukumomin kan iyaka da Nijar irin su Jibiya da Kaita da Mashi, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, tafiyar 'yan mintoci ce a jirgi. A Daura kuma an buɗe babban asibitin sojin sama a watan Agustan 2019.

A Arewa, sunayen ayyukan soja ne suka fi zama a bakin jama'a fiye da sunayen matuƙa, kuma yawancinsu da Hausa aka raɗa su: Zaman Lafiya, Lafiya Dole, Haɗin Kai, Gama Aiki, Ruwan Wuta, Sharan Daji, Hadarin Daji. Irin waɗannan sunaye saƙo ne ga mutanen yankin da kuma abokan gaba, waɗanda duk suna jin harshen. Rubutunsu a takardun soja ba koyaushe yake bin daidaitacciyar Hausa ba. Ana sauke lanƙwasar ɗ a Haɗin Kai, sannan dira da shara kalmomi ne na mata, don haka ƙa'ida ita ce dirar mikiya da sharar daji.

Muhawara

Bayan yaƙe-yaƙen Koriya da Biyetnam da Gabas ta Tsakiya, arangamar jirgi da jirgi ta ragu ƙwarai. Giora Epstein na Isra'ila yana da nasara 17, mafi yawa a jiragen jet masu gudun da ya wuce na sauti. Muhammad Mahmud Alam na Pakistan ya yi suna da da'awar harbo jiragen Indiya biyar cikin ƙasa da minti ɗaya ranar 7 ga Satumba 1965, da'awar da Indiya ba ta amince da ita ba. A Afirka, Habasha da Iritiriya sun gwabza a sama da Su-27 da MiG-29 a 1999. A yau makamai masu linzami suna kaiwa inda ido ba ya gani, jirage marasa matuƙi kuma sun karɓi ayyuka da yawa.

Wasu gwarzayen ma ba su taɓa wanzuwa ba. A 2022 labarin Fatalwar Kyiv, matuƙin da aka ce ya harbo jiragen Rasha da dama shi kaɗai, ya karaɗe intanet, har sai da sojin saman Yukiren suka bayyana a ƙarshen watan Afrilu cewa almara ce.

Masu sukar al'adar suna cewa ƙidayar nasarori tana mayar da yaƙi kamar gasa, tana kuma mantawa da makanikai da masu lura da rada da sauran waɗanda jirgi ba ya tashi sai da su. A yaƙin da ake kai wa ƙasa hari, abin da ake tambaya shi ne ko bam ya faɗa inda aka nufa. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojin saman Najeriya ya jefa bama-bamai bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a ƙaramar hukumar Kala-Balge ta Jihar Borno, mutum fiye da 100 suka mutu, ciki har da ma'aikatan agaji. Binciken hedkwatar tsaro ya danganta kuskuren da rashin sanya sansanin a taswirar aiki. Tun daga lokacin ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna kira da a riƙa bayyana sakamakon irin waɗannan bincike, a kuma biya diyya ga iyalan fararen hular da abin ya shafa.